Ciwon Zuciyar Mai Biƙi

Haihuwa abin murna ne. In mace ta sauka lafiya, dangi da maƙwabta sukan zo barka. Ran bakwai a yanka rago, a raɗa suna. Daga nan mai biƙi, wadda waɗansu ke kira mai jego, takan zauna gida har kwana 40, tana wanka, tana shan kunu, tana ba jariri nono. Amma sauka ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Akwai wani ciwo da ke kama zuciyar mace a watan ƙarshe na ciki, ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Ciwon nan ya fi yawa a ƙasar Hausa bisa galibin ƙasashen duniya. Fiye da shekara 50 ke nan likitoci suna neman mafarinsa, daga Zariya zuwa Yamai, daga Jamus zuwa Kano.

Aikin zuciya

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗaki 4, biyu sama, biyu ƙasa. Aikinta aikin famfo ne: ta karɓi jini, ta matse, ta tura shi. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mafi ƙarfi, don shi ke aika jini ko'ina cikin jiki. Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wajen sau dubu 100 ke nan a kwana guda. A kowane minti tana tura jini kamar lita 5.

In mace ta yi ciki, jininta yakan ƙaru da kusan rabi, don a ciyar da ɗan da ke ciki. Kamar wadda ta saba jan guga 10 ce a rijiya, aka ce kullum ta ja 15. Lafiyayyar zuciya tana ɗaukar wannan kaya, bayan haihuwa kuma ta koma yadda take.

A wajen waɗansu mata kuwa, tsokar zuciya sai ta saki, ɗakin hagu ya buɗe, ya yi laushi kamar tsohuwar salka. Lafiyayyar zuciya tana fid da fiye da rabin jinin da ke cikin ɗakin nan a kowane bugu. Mai wannan ciwo ba ta kai kashi 45 cikin 100, wani lokaci ma ko kashi 25 da ƙyar.

Alamomin ciwon

In famfo ya yi rauni, ruwa yakan taru a bayansa. Haka jiki yake. Ruwa ya taru cikin huhu, sai mai biƙi ta riƙa haki ko da ɗan aiki kaɗan. Da dare tari ya dame ta. Ba ta iya kwantawa miƙe, sai ta jingina ko ta kwana zaune. Ƙafafu su kumbura, in an danna da yatsa wurin ya lotsa. Ciki ma ya kumbura, gaba ta riƙa faɗuwa, gajiya ba ta ƙarewa.

Abin da ya sa ciwon ke da haɗari shi ne yana kama da gajiyar haihuwa. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara ma ruwan wanka wuta, a jira. Kafin a kai ta likita, ciwo ya yi nisa.

Binciken Zariya

Likitoci biyu ƴan Birtaniya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin shekara 3 suka duba mata 224 masu wannan ciwo, galibinsu Hausawa ƴan karkara. A 1978 suka bayyana abin da suka gani. A lissafinsu, wajen mace 1 cikin 100 da suka haihu a ƙasar Zariya tana kamuwa. Wannan adadi ne babba. A Afirka ta Kudu wajen 1 ce cikin 1000, a Amurka kuma 1 cikin 1000 zuwa 4000.

Likitocin suka dubi al'adun biƙi: wanka da ruwa mai zafi safe da yamma, kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Kanwa tana da sinadarin da ke cikin gishiri, shi kuwa yana riƙe ruwa cikin jiki. Zafi kuma yana sa zuciya ta ƙara gudu. Suka ce kayan ya yi wa zuciya yawa. Shekaru da dama aka tsaya a kan wannan bayani. Amma akwai tambaya: mata dubbai suna wanka, suna shan kunun, ba abin da ya same su. A ƙasar Hayiti kuma, inda ba a san kunun kanwa ba, wajen mace 1 cikin 300 tana kamuwa. Ke nan akwai sauran dalili.

Binciken Yamai

A babban asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun auna jinin masu biƙi marasa lafiyar zuciya, suka gwada da na masu biƙi lafiyayyu. A 1992 suka bayyana cewa jinin marasa lafiyar yana da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom. Jiki yana bukatar seleniyom ɗan kaɗan ƙwarai, amma dole ne. Yana cikin abubuwan da ke tsare tsoka daga wata irin lalacewa mai kama da tsatsar ƙarfe. Tsiro yana jan shi daga ƙasa, mutum ya same shi cikin hatsi, kifi, nama da ƙwai. In ƙasar gona ba ta da shi, hatsinta ma ba ya da shi.

An riga an san irin wannan a ƙasar Sin. A gundumar Keshan, tun 1935 aka ga wani ciwon zuciya yana kashe yara da mata matasa. Daga baya aka gane ƙasarsu ba ta da seleniyom. Da aka fara ba mutane shi a shekarun 1970, ciwon ya ragu ƙwarai.

Ɓerayen Hanoba

A 2007 wata masaniya a birnin Hanoba na Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner, ta gano wani abin mamaki. Tana da waɗansu ɓeraye da aka raunana garkuwar zuciyarsu. Matan ɓerayen suna lafiya, amma in sun haihu sai zuciyarsu ta gaza. Da aka bi sawu, sai aka iske furolaktin a tsakiyar lamarin.

Furolaktin sinadari ne da ke fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke ba nono umarni ya kawo ruwa. Abu ne mai amfani. Amma in tsatsar nan ta yi yawa cikin tsokar zuciya, wani sinadari mai aiki kamar almakashi yakan tashi, ya datse furolaktin. Guntun da ya fita dafi ne. Yana kashe ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta, masu kai abinci ga tsokar zuciya. Tsoka ta rasa abinci, ta saki.

Akwai magani mai suna buromokiriftin da ke tsai da furolaktin. Da aka ba ɓerayen, ciwon bai kama su ba. A 2010 likita Karen Sliwa ta bayyana gwajin da ta yi da shi a Afirka ta Kudu ga mata 20. Goma aka ba su maganin zuciya kaɗai, goma aka ƙara musu buromokiriftin. Cikin na farko 4 suka rasu, cikin na biyu 1. Mata 20 ba su da yawa, don haka aka ci gaba da gwaji a wasu ƙasashe. Maganin yana da nasa haɗari: yana ƙafar da nono, yana kuma iya sa jini ya daskare. Inda babu tsabtataccen ruwa da madarar jarirai, rashin nonon uwa yana iya halaka jariri. Don haka likita kaɗai ke yanke shawarar ba da shi.

Mabiyiya da gado

A 2012 masu bincike a birnin Boston na Amurka suka ƙara wani haske. A ƙarshen ciki, mabiyiya tana zuba wani sinadari cikin jinin uwa wanda ke hana ƙananan hanyoyin jini tsirowa. Sinadarin yana yin yawa ƙwarai ga mata masu hawan jini na ciki. Shi ya sa ciwon ya fi kama su, su da masu haihuwar tagwaye.

A 2016 kuma aka bayyana binciken ƙwayoyin gado na mata 172 masu ciwon. Kashi 15 cikin 100 suna da wata tawaya da suka gada. Galibi tawayar tana cikin taitin, wani dogon zare cikin tsokar zuciya mai miƙewa yana komawa kamar roba. Mai irin wannan gado tana iya zama lafiya shekaru da yawa, sai nauyin ciki ya tona rauninta. Don haka in uwa ko ƴar'uwa ta taɓa yin ciwon, ya kamata a gaya wa likita tun a awon ciki.

Binciken Kano

Likita Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Nijeriya. A 2020 aka bayyana sakamakon mata 406. A arewa maso yamma, akwai inda mace 1 cikin 96 da suka haihu ta kamu. Da aka gwada marasa lafiya da lafiyayyu, ba a ga alamar cewa wankan zafi da kunun kanwa su ne mafarin ciwon ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jini na ciki. Wato talauci da yunwa suna da hannu babba. An kuma gwada ba waɗansu marasa lafiya seleniyom: alamun ciwo suka ragu, amma ƙarfin bugun zuciya bai fi na sauran ba.

Haka ilimi ke tafiya, na baya ya gyara na gaba. Amma wannan bai wanke kanwa duka ba. Wadda zuciyarta ta riga ta yi rauni, kanwa da gishiri suna ƙara mata kumburi, zafi mai tsanani kuma yana ƙara mata wahala.

Gane ciwo da wuri

Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne hoton zuciya da ake kira eko. Na'urar ba ta cikin kowane gidan likita. A 2024 likita Demilade Adedinsewo ta bayyana wani gwaji da aka yi a asibitoci 6 na Nijeriya ga mata kusan 1200. An yi amfani da abin sauraren ƙirji mai haɗe da kwamfuta, wadda aka koya mata gane bugun zuciya mai rauni. Da shi aka gano masu ciwon ninki biyu na waɗanda aka gano ta hanyar da aka saba.

Zuciya da hankali

Bahaushe yana cewa "zuciyarta ta ɓaci" ko da tsokar lafiya lau take. Wannan ma ciwo ne da ke samun mai biƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, wajen mace 1 cikin 5 tana fama da damuwar hankali bayan haihuwa, galibi baƙin ciki mai tsanani. Tana kuka ba dalili, ba ta barci, ba ta marmarin abinci, ba ta jin daɗin ɗanta. In haka ya wuce mako 2, ba raki ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne. Ciwo ne mai magani.

A 2008 aka bayyana wani gwaji da aka yi a karkarar Rawalfindi ta Pakistan, inda aka koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ziyartar irin waɗannan mata, su saurare su, su ba su shawara. Bayan wata 6, masu baƙin cikin a cikinsu ba su kai rabin na ƙauyukan da ba a yi haka ba. Mai ciwon zuciya tana bukatar wannan kulawa ƙwarai, don wadda ta fid da rai ba ta shan magani.

Abin da ya kamata a yi

Mai ciki ta je awo, a auna jininta. Ta ci abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da ganye. In mai biƙi tana haki, ko tana kwana zaune, ko ƙafafunta sun kumbura, a kai ta likita ran nan, kada a jira arba'in. Akwai maganin da ke fid da ruwa ta fitsari, akwai mai sauƙaƙa wa zuciya aiki. Mata da yawa suna warkewa cikin wata 3 zuwa 6 in an fara da wuri. Kada a bar magani don kumburi ya saɓe. Kada kuma a ɗauki wani ciki sai likita ya duba zuciya, don ciwon yana iya komowa da ƙarfi.

Ɗan makaranta ma yana da nasa aiki. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kwana kusa da ɗakin inna. In ya ji tana tari da haki da dare, ya gaya wa manya abin da ya karanta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ɗaki nawa ne cikin zuciya, kuma wanne ya fi ƙarfi?
2. A faɗi alamomi 4 na ciwon zuciyar mai biƙi.
3. Mene ne aka gano a Yamai a 1992?
4. Yaya furolaktin ke zama dafi?
5. Ina bambancin binciken Zariya da na Kano?
6. In mace 1 cikin 100 tana kamuwa, mata nawa za su kamu cikin 2500?