Sifiringa: Karen Farautar Da Ya Shiga Falo

Na san wata za ta ce, "Haba, yau kuma a rasa abin da za a kawo mana a wannan fili sai kare?" Yi haƙuri 'yar uwa, ki ɗan gyara zama. Wannan karen da Turawan Ingila ke kira Springer Spaniel, mu kuma za mu ce masa Sifiringa don sauƙin baki, labarinsa akwai farauta, akwai gata, akwai kuma wata irin ƙauna da amana wadda sai ki riƙe baki.

Da farko dai ga kamanninsa. Ba babba ba ne, ba kuma ƙarami ba. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa wajen santimita 50, nauyinsa kuwa kilo 20 da 'yan kai. Jikinsa fari ne da dabbare-dabbaren baƙi, ko kuma na ruwan hanta. Kunnuwansa dogaye, sun zubo gefe da gefe da gashi mai laushi, kai ka ce budurwa ce ta kwance kitso. Idanunsa kuwa kullum kamar mai roƙon a tausaya masa. To waɗannan idanu su ne suke yaudarar mutane, su ɗauka ɗan kwalliya ne na kwanciya kan kujera. Ina! Ma'aikaci ne, kuma tun asali don aiki aka yi kiwonsa.

Sunan nasa ma daga aikin ya samo shi, domin ma'anarsa mai tayar da tsuntsu. Tun kafin bindiga ta yawaita, maharban Ingila sukan tura shi cikin duhuwar ciyawa da ƙaya, ya bi ƙamshi da hanci, ya fatattako tsuntsun da ya laɓe, shi kuwa tsuntsu da ya tashi sai shaho ya sure shi, ko ya faɗa raga. Da bindiga ta zo sai aikin ya ƙaru. Zai riƙa zirga-zirga hagu da dama a gaban ubangidansa, ba ya yin nisan da harsashi ba zai kai ba. Da tsuntsu ya tashi fir, sai ya tsaya cak ya zauna. An harba, tsuntsu ya faɗi, ba zai motsa ba sai an ba shi izini. Sannan ya je ya ɗauko, ko da cikin tafki ne, ya kawo har hannu. Abin mamaki, ga nama a bakinsa, ga yunwa, amma ba zai huda shi da haƙori ba. Wannan ladabi kam ko cikin mutane ba kowa ba.

A da can, shi da ƙanensa da ake kira Koka ciki ɗaya suke fitowa. In uwa ta haihu sai a duba, ƙananan a ce Koka ne, manyan a ce Sifiringa. Sai a shekarar 1902 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, wato Kennel Club, ta ware shi a matsayin iri mai zaman kansa. Daga baya ma shi kansa ya rabu gida biyu. Akwai na gasar kyau, mai nauyin jiki da dogon gashi, akwai kuma na daji, mai gajeren gashi da zafin nama. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji Hausawa, to maharba na dajin suke nema.

Mu a nan mun san karen farauta, mun kuma san matsayinsa a addini. A farkon Suratul Ma'ida an halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo, idan an ambaci sunan Allah. Malamai sun yarda a ajiye kare don farauta ko tsaron gona da dabbobi, amma ba su yarda da ajiye shi cikin ɗaki don sha'awa kawai ba. Su kuwa Turawa tasu al'adar daban ce, har falo suka shigar da shi, wasu ma har gado.

Kuma ya samu shiga ƙwarai, don yana da son mutane, yana da haƙuri da yara. Gatan ya kai har fadar shugaban Amurka. Shugaba George Bush babba da uwargidansa Barbara suna da wata karya mai suna Millie, wadda ta haifi 'yan kwikwiyo 6 a fadar White House a 1989. A 1990 aka fitar da littafi da sunanta, kamar ita ce take ba da labarin zamanta a fadar, aka saye shi kamar me, kuɗin kuma aka zuba a gidauniyar koyar da karatu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nata, Spot, ta sake komawa gidan da aka haife ta a 2001, lokacin da ɗan Bush ya hau mulki.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Da yawa sukan saye shi don kyan kunne, su kulle shi a ɗan ƙaramin gida su tafi aiki tun safe sai dare. Shi kuwa jininsa na gudu ne, yana bukatar kamar awa biyu kullum yana tsere da shinshine-shinshine. In bai samu ba, sai haushi, sai cin takalma, sai yagar labule. Ga shi ba ya jure kaɗaici ko kaɗan, duk inda mai shi ya sa ƙafa yana biye, har bakin banɗaki. Sai a ce kare ya lalace, alhali mai shi ne ya ɗauko abin da ba zai iya ba. Kunnuwan nan ma da ake yabo, da yake sun rufe iska ba ta shiga, in ba a share su ana busarwa ba sai su yi ruwa su yi wari. Wanda aka kula da shi yakan kai shekara 12 zuwa 14.

Hancin nan da ƙwazon nan su suka kai shi aikin 'yan sanda da soja, yana gano ƙwaya da makamai da nakiya. A nan ne labarin Theo ya zo. Theo Sifiringa ne da ya yi aiki a lardin Helmand na Afganistan tare da wani sojan Birtaniya, Lans Kofur Liam Tasker, saurayi ɗan shekara 26. Cikin wata biyar su biyun sun gano bama-bamai da makaman da aka ɓoye har sau 14. Kullum Theo ne a gaba, hanci a ƙasa, sojoji na bin sawunsa. Ranar 1 ga Maris, 2011, suna cikin sintiri aka harbi Tasker ya rasu. Theo ko ƙwarzane bai yi ba. Aka mayar da shi sansani, amma kafin wasu 'yan awoyi sai jijjiga ta kama shi, shi ma ya bi ubangidansa, bai ko cika shekara biyu ba. Mutane da yawa suka ce baƙin ciki ne ya kashe shi.

Jirgi ɗaya ya ɗauko gawar Tasker da tokar Theo zuwa Ingila. A watan Oktoba na 2012 aka ba Theo lambar yabo ta Dickin, wadda tun 1943 ake bai wa dabbobin da suka nuna jarumta a fagen yaƙi.