Yadda Ake Koyon Kalangu A Zauren Makaɗi

Tun ranar da na kaɗa bokiti a ɗakin kwananmu har 'yan aji ɗaya suka tashi da rawa, abokaina suke ta tambayata inda na koyo. Waɗansu ma sun ce wai gado na yi. To, ni ban gaji kiɗa ba. Mahaifina malamin asibiti ne, kakana kuwa manomi. Koyo na yi a wurin wani dattijo makaɗin kalangu na garinmu, hutu huɗu ke nan a jere, kuma ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda irin wannan makaranta take tafiya, domin da yawa suna zaton shashanci ne kawai ake yi a can.

Makarantar tamu ba ta wuce zaure ɗaya ba. Akwai tabarmi biyu, da buzun da Baba yake zama a kai, da kalangai a rataye jikin bango saboda gara da danshi. Mu bakwai ne. Huɗu 'ya'yan gida ne da jikoki, su ba su biyan kome, sai dai aiki: su ne masu ɗaukar kaya in za a tafi biki, su ne masu jiƙa fata da murza tsarkiya. Mu uku 'yan waje iyayenmu ke biya a ƙarshen kowane mako. A da, in ji Baba, babu zancen biya. Yaro yakan tare ne a gidan ubangidansa shekara da shekaru, ya yi masa noma da aike, in an samu kuɗi a wurin wasa a ba shi ɗan rabonsa. Yanzu da boko ya kwashe yara, dole aka yanka wa kowa lokacinsa. Ni nawa bayan la'asar ne, Asabar da Lahadi da Laraba, kuma da an kira magariba an tashi.

Mako biyu na farko ko makaɗi ban riƙe ba, watau ɗan lanƙwasasshen sandan nan da ake bugu da shi. Zama na yi ina saurare. Da na gaji na ce, "Baba, yaushe zan fara?" sai ya ce, "Ɗana, ai ka fara. Kunne ake fara koya wa, hannu daga baya yake zuwa." A lokacin haushi na ji, don ina ganin kuɗin mahaifina na tafiya a banza.

Ga dalilin saurarwar. Kalangu ice ne da aka fafe, tsakiyarsa a tsuke, an rufe bakinsa biyu da fata, sa'an nan tsarkiya ta haɗa wannan baki da wancan. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya sa shi a hammata. In ya matse tsarkiya, fata ta ɗame, murya ta yi sama. In ya sassauta, murya ta yi ƙasa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, kamar yadda malaminmu na Hausa ya koya mana a aji. Ku faɗi "kuka" na hawaye, ku faɗi "kuka" ta miya, ku ji. Na farko duk a sama yake, na biyu ya fara a sama ya sauka. Haka "kai" da ake ce wa mutum da "kai" na bisa wuya, wanda muryarsa takan faɗo daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya. Wannan hawa da saukar shi kalangu yake kwaikwayo, tare da tsawon gaɓa da gajartarta, har mai saurare ya ji kamar magana ake yi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Baba bai taɓa shiga aji ba, amma darasin da ya wahalar da mu a allo shi a hammatarsa yake. Tun daga nan ban sake faɗuwa tambayar karin sauti ba.

Babu littafi a zauren. Baba zai faɗi magana da baki, ya kaɗa ta, ni kuma in maimaita. In na kuskure ba ya duka, sai dai ya sake kaɗa abin da na yi daidai yadda na ɓata shi, yara su fashe da dariya. Wallahi da bulala ce da ta fi mini sauƙi. Akwai kuma matakai. Sabon shiga yana farawa da ƙaramar ganga mai riƙe zaren kiɗa, bugu ɗaya ba canji, har sai ya iya riƙe shi ko da sauran sun yi nisa sun bar shi. Daga nan sai ɗan karɓi, mai amsa wa babban kalangu. Babban kuwa, wanda yake yin magana, sai wanda ya daɗe. Shi ne mai kaɗa take, kuma kowace sana'a da nata, har manyan mutane kowa da nasa. Tun asali kalangu kiɗan mahauta ne, saboda haka takensu aka fara koya mini.

Turawa su ma suna da irin wannan koyarwa ta malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, sai dai su a rubuce suke ajiye kiɗansu, bisa layuka biyar. Akwai wata hukuma a Landan da aka kafa a 1889 wadda take shirya jarrabawar kiɗa mataki takwas, a Legas kuma ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 tana da makarantar kiɗa. Mu jarrabawarmu dandali ne. Ranar da ubangida ya miƙa maka kalangu a gaban jama'a, in mata suka ci gaba da rawa ka ci, in suka tsaya suna kallonka ka faɗi.

Sai batun iyaye. Da na fara roƙon mahaifina ya bar ni, cewa ya yi ba zai haifi maroƙi ba. Ban ga laifinsa ba, domin a ƙasar Hausa kiɗa da roƙo tare suke tafiya, kuma akwai makaɗan da suka zubar da mutuncin sana'ar. Kawuna ne ya shiga tsakani. Ya tuna masa cewa Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu aka yi masa kiɗa duk rayuwarsa, shi ma bai gada ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Mahaifina ya ce Shata ɗaya ne. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi uku: ba zuwa biki, ba karɓar kuɗin kowa, kuma ranar da sakamakon jarrabawata ya yi ƙasa an gama. Sharaɗin farko ya hana ni jarrabawar dandalin da na ambata, saboda haka har yanzu ni ɗan karɓi ne, alhali yaron da muka fara tare ya wuce ni.

Abin da yake damun Baba ya fi wannan. Manyan 'ya'yansa biyu sun koma birni suna kiɗan fiyano, wanda mutum ɗaya zai danna ya fitar da muryar ganguna iri iri, masu biki kuma sun fi son haka don ya fi araha. Ni na saurari kalangun fiyano, kuma a ganina ba ya magana, bugu kawai yake yi. Ranar da zan dawo makaranta Baba ya ce in bar kalanguna a rataye, tunda dokar makaranta ta hana shigowa da shi, ya kuma ce in riƙa kaɗa taken mahauta a cinyata kullum kafin in kwanta don kada hannuna ya mutu. Masu kwana kusa da gadona sai ku yi haƙuri. Saura mako biyar a fara jarrabawa, kuma lissafi ne nake tsoro.