Inda ma'aikatan gona ke cin abinci a Half Moon Bay

Duk Bahaushen da ya zo Kalifoniya ya tambaye ni inda zai ci abincin Meksiko na gaske a bakin teku, shawarata ɗaya ce: ya ƙyale gidajen abincin da ke fuskantar ruwa, ya nemi inda ma'aikatan gona ke ajiye motocinsu da tsakar rana. Mai shago a bakin ruwa kuɗin hayarsa ya yi yawa, baƙonsa kuma na yini ɗaya ne. Wanda ke ciyar da lebura kuwa ya san gobe ma za su dawo, kuma da irin girkin nan iyayensu mata suka raine su.

Half Moon Bay ƙaramin gari ne mai mutane kusan 12,000, kudu da San Francisco, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota, a kan hanya mai lamba 1 da ke bin gaɓar tekun Pasifik. Baƙi na zuwa shan iska da bikin kabewa na watan Oktoba. Amma bayan shagunan tsaraba akwai gonakin kabewa da furanni da kayan lambu, masu aikinsu kuwa yawanci 'yan Meksiko ne. Ba jiya suka zo ba. Kalifoniya kanta ƙasar Meksiko ce har 1848, sannan daga 1942 zuwa 1964 shirin Bracero ya yi ta kawo leburori daga can zuwa gonakin Amurka.

Abin da nake fara dubawa a kowane shago shi ne tortiya, faifan gurasar masara da ake naɗe nama a ciki. Ba garin masara kawai ake kwaɓawa ba. Ana dafa ƙwayar masarar cikin ruwan farar ƙasa, a bar ta ta kwana, a wanke, a niƙa da danshinta. Kusan aikin da kanwa ke yi wa tuwo ne, sai dai nasu ya fi zurfi: yana sassauta dusar, yana sa ƙullin ya kama jikinsa, yana kuma sakin bitamin B3 da ke ɗaure cikin masara. Shi ya sa mutanen Meksiko suka rayu a kan masara shekaru aru-aru ba tare da cutar pelagra ta addabe su ba, cutar da ta yi ɓarna a kudancin Turai da kudancin Amurka inda aka ɗauki masarar aka bar dabarar.

A shagon da ya san abin da yake yi, za ka hango wata dattijuwa a bayan kanta tana gutsuro ƙulli, ta mulmula, ta danne shi cikin matsi na ƙarfe, ta jefa kan faranti mai zafi. Ta juya sau ɗaya, ta sake juyawa, sai ka ga faifan ya kumbura da tururi. In ka ga haka, zauna. In kuwa daga leda aka zaro tortiyar, tana kakkaryewa da ka lanƙwasa ta, sauran abincin ma da wuya ya burge ka.

Tako na asali ba shi da tarkace: tortiya biyu a haɗe, yankakken nama, albasa, ganyen koriyanda, yankin lemun tsami, sai miyar barkono da tumatir da aka gasa aka daka. Farantin da aka lulluɓe da rawayan cuku girkin Teksas ne. Yana da masoyansa, amma ni ba shi nake nema ba. Kada kuma kamannin wuri su ruɗe ka. A Pescadero, wani ƙauye da ke kudu da Half Moon Bay, tafiyar kusan rabin awa, shagon takon da ake yi wa layi cikin gidan mai yake.

Ga Musulmi akwai maganar da ta fi daɗin baki muhimmanci, kuma ina jin takaicin yadda 'yan uwa ke shiga ba tare da sun sani ba. Alade ya ratsa girkin nan sosai. Al pastor, naman da ke juyawa a tsaye kan ƙarfe, alade ne, duk da cewa baƙi 'yan Lebanon ne suka kai salon gashin Meksiko. Carnitas alade ne, chorizo ma haka. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne kitsen alade, manteca, da ake soya dakakken wake da shi, ake kuma sa shi a tamale (alalar masararsu) da tortiyar alkama. Tambayi mai shagon kai tsaye: "Señora, ¿lleva manteca?", wato "Uwargida, akwai kitsen alade a ciki?" Ka kuma roƙa a goge farantin suya kafin a ɗora naka. A ƙananan shaguna mai girkin na tsaye a gabanka, amsarta kuma ta fi ta takardar jerin abinci gaskiya.

A nan zama kusa da teku ke da rana. A tashar jiragen ruwa ta Pillar Point masunta na sayar da kifi da ƙaguwa daga cikin jirgi. Takon kifi, wanda ya yi suna daga Baja California, yakan zo da kabeji da farar miya, sai dai sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Ka ce a gasa maka shi a faranti, "a la plancha". Wanda bai tsananta kan yanka ba, zai so birria, farfesun akuya na jihar Jalisco, wanda shaguna da yawa sai Asabar da Lahadi suke dafawa, kuma mai jinkiri yakan tarar da tukunya ta ƙare.

A kan kanta za ka ga manyan tuluna na gilashi. Mai ruwan ƙasa-ƙasa tsamiya ce. Jan kuwa, da suke kira jamaica, zoɓo ne, sai dai ba citta ba kanumfari. Meksiko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Najeriya, wanda akasarinsa daga Jigawa da Kano yake fitowa.