Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Ƙima

Ranar wata Laraba da yamma na tarar da yayana yana ta faɗa a zaure, littafin lissafin ɗansa a hannu. Yaron yana aji uku na firamare. An ce su ƙiyasta jimillar 38 da 21, ya rubuta 60, malamin kuma ya ba shi maki. "Ka ji fa," in ji Yaya, "ai hamsin da tara ne. Kuɗi muke biya a koya wa yaro ƙarya?" Yaron yana raɓe a bakin ƙofa, ya riga ya sha ranƙwashi biyu.

Karo na uku ke nan cikin zangon karatu ɗaya ina jin iyaye suna wannan ƙorafi, har da wanda ya je makaranta ya ci mutuncin malami a gaban ɗalibansa. Abin ya ishe ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Darasin kansa ba shi da tsawo. Ana kai lamba ga goma ko ɗari mafi kusa da ita: 43 ta koma 40, 47 ta koma 50, idan kuma ta ƙare da 5 sai a haura sama. Daga nan a haɗa dunƙulallun lambobin a ka, a san inda amsa za ta faɗa tun kafin a zauna yin lissafin filla-filla.

Masu cewa wannan shaci-faɗi ne, ko koya wa yaro lalaci, su fara sauraron bakinsu. Bahaushe yana kiran 19 ashirin ba ɗaya, yana kiran 28 talatin ba biyu. Da ya ga lamba sai ya hango goman da ke kusa da ita, ya auna tazarar. Haka yake cewa ƙarfe uku saura kwata. Manomi yakan tsaya a bakin gona ya faɗi damin da zai samu tun gero bai nuna ba. Uwar gida takan dubi matan da suka cika tsakar gida ranar suna ta san mudu nawa za a ɗora. Magini yakan kewaya fili ya ce bulo dubu biyu zai isa. Wa ya taɓa kiran waɗannan maƙaryata? Gwanaye muke ce musu, amma da yaro ya fara koyon gwanintar a aji sai mu ɗauko bulala.

Ga masu kawo batun addini kuwa, sananne ne a littattafan hadisi da fiƙihu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Khaibara ya ƙiyasta dabino tun yana kan bishiya, a kan ƙiyasin nan ake sanin rabon kowa. Ƙarya ita ce ka san 59 ne, ka ce 60 don ka ci riba. Wanda ya ce "kusan sittin" ya faɗi gaskiya, ya kuma faɗi iyakarta.

Batun lalaci ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Yaron da ya haddace jera lambobi da "ɗauke ɗaya" zai iya haɗa 38 da 21 ya samu 590 saboda kuskuren rubutu, kuma ko a jikinsa. Wanda ya san 38 maƙwabciyar 40 ce, ba zai taɓa yarda da wannan amsar ba. A ɗauka an aiki yarinya shago da naira dubu biyu, ta sayi sabulu na 480, madara ta 320, ashana da magi na 190. Mai shago ya latsa kalkuleta, yatsa ya zame, 190 ta zama 1,090, ya ce kuɗinta 1,890. Idan ba ta iya ƙiyasi ba, za ta karɓi canjin 110 ta tafi gida a yi mata duka. Idan ta iya, tun tana tsaye ta riga ta haɗa ɗari biyar, ɗari uku, ɗari biyu. Za ta ce, "Malam, ai bai kamata ya wuce dubu ba, sake dubawa." Kuɗin gaskiya 990 ne.

Idan yaro ya kasa iya ƙiyasi, cunkoson azuzuwa da ƙarancin horar da malamai suna da nasu laifin, amma gyaran da ke hannunmu a gida yake.

Ku ja layi a ƙasa da tsinke, ku rubuta 30 a wannan baki, 40 a wancan. Ku ba yaro dutse ya ajiye a 37, ku tambaye shi gidan wa ya fi kusa. Ya yi wannan da ƙafarsa da idonsa kafin a ba shi doka ya haddace. Ku ɗebo gyaɗa a tafin hannu, ya kintata yawanta, sannan ya ƙirga ya ga tazarar. Gobe ku maimaita, za ku ga hasashensa yana matsowa. Idan za ku aike shi, ku faɗa masa farashin kaya, ya gaya muku kuɗin da ya kamata ya riƙe da canjin da zai dawo da shi. A aikin gida, ya rubuta ƙiyasinsa a gefe da fensir kafin ya yi lissafin, sannan ya gwada su biyun. Ku fara da goma-goma, sai ya zauna daram ku wuce ɗari-ɗari. Kada ku tsaya a kan "daidai" ko "kuskure", ku ce masa, "Yaya aka yi ka samu haka?" Kuma don Allah ku ajiye bulalar nan. Yaron da ke tsoron duka ba zai buɗe baki ya yi hasashe ba.

Ku kuma nuna masa inda ƙiyasi ba ya shiga. Awon maganin jariri, biyan bashi, rabon gado da awon hatsi ga mai saye, duk cif-cif ake yin su, tauye mudu kuwa kowa ya san hukuncinsa.

Kafin in tashi ranar nan, wayar Yaya ta yi ƙara. Direbansa ne daga kasuwar Dawanau, yana tambayar buhun masara nawa za a loda. "Kamar arba'in," in ji Yaya. Na ce, "Yaya, arba'in cif, ko talatin da takwas?" Ya dube ni, ya dubi yaron, sai ya miƙa masa littafinsa ya ce ya zo ya nuna masa yadda aka yi ya samu sittin.