Ruwanda: Inda Musanta Kisan Ƙare Dangi Ke Kai Mutum Kurkuku

A Ruwanda, duk wanda ya fito fili ya ce ba a yi wa ƙabilar Tutsi kisan ƙare dangi ba, ko ya raina girman ta'asar, ko ya nemi halasta ta, to ya shirya wa zaman gidan yari. Dokar hana "aƙidar kisan ƙare dangi" ta fito a 2008, aka yi mata kwaskwarima a 2013, aka kuma sabunta ta a 2018.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 1994, cikin kwana kusan 100, an hallaka mutane kimanin 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, da yawa daga cikinsu da adda, maƙwabci yana sare maƙwabcinsa. Kuma da baki aka fara. Gidan rediyon RTLM ya dinga kiran Tutsi kyankyasai, har yana karanta sunayen waɗanda za a bi a kashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba na ganin laifin ƙasar da ta ga wannan bala'i don ta ɗaura ɗamarar tsare harsuna. Jamus ma tana ɗaure mai musanta kisan Yahudawa, har shekara biyar.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke auna maganar. A Janairun 2010 'yar adawa Victoire Ingabire ta dawo daga Holan da niyyar neman shugabancin ƙasa. A wurin tunawa da mamatan da ke Kigali ta amince an yi wa Tutsi kisan ƙare dangi, sannan ta ce 'yan ƙabilar Hutu da aka kashe su ma a tuna da su. An kama ta, aka haɗa mata da tuhumar ƙulla makirci, aka yanke mata shekara takwas a 2012. Da ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta mayar da hukuncin shekara 15. A 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ce an tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki. Sai a 2018 Shugaba Paul Kagame ya yi mata afuwa.

Mai ƙaryata gawawwaki don ya sake hura wuta ya cancanci hukunci. Amma dokar da kalmominta ke da faɗi har ta haɗiye mai neman a tuna da mamatan wani ɓangare, ta fi yi wa mai mulki aiki fiye da waɗanda aka kashe.