Abin da ya sa ruwa ke ɗiga a ƙarƙashin mota idan an kunna AC

Da zarar damina ta kankama, masu motoci da dama kan tarar da ɗan ruwa kwance a ƙasa bayan sun ajiye motarsu a ƙofar ofis ko bakin kasuwa. Wasu hankalinsu kan tashi, su garzaya wurin makanike da zaton lagireto ta fashe, har a karɓi kuɗinsu a kan gyaran da babu shi. Alhali a mafi yawan lokuta wannan ruwa shaida ce cewa na'urar sanyaya iska, wato AC, tana aikinta yadda ya kamata.

Ruwan ba daga injin yake fitowa ba, daga iska yake. Iskar da ake shaƙa tana ɗauke da danshi wanda ido ba ya gani, kuma iska mai zafi ta fi mai sanyi iya riƙe shi. Shi ya sa idan aka ciro gorar zoɓo daga firji, ba a jimawa sai a ga jikinta ya jiƙe, ba don ta huje ba. Iskar da ta taɓa ta ce ta yi sanyi, ta saki danshinta, kamar yadda raɓa ke sauka a kan ciyawa da asuba.

Haka abin yake a cikin mota. A bayan dashbod akwai wani curin siraran bututun ƙarfe da gas ɗin AC ke bi ta ciki, yana sanyaya su har su kusa kai matakin da ruwa ke daskarewa. Fanka na hura iska ta tsakaninsu kafin ta iso wurin fasinjoji. A nan danshin ke zama ɗigo, ya taru a wani ɗan faranti, sannan wani gajeren tiyo ya zubar da shi ƙasa, galibi ta gefen kujerar gaba ta fasinja. Hasali ma cire danshi shi ne asalin aikin na'urar: a 1902 injiniya Willis Carrier ya ƙera ta ne domin wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka, inda danshi ke ɓata takardun da ake bugawa.

Yawan ruwan ya danganta da yanayi. A watan Agusta, ko a garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal, mota kan zubar da shi da yawa. A lokacin hunturu kuwa, iskar Kano ko Sakkwato ta bushe ƙayau, ana iya yini da AC a kunne ba a ga ko ɗigo ba.

Abin da ya fi cancanta a damu da shi shi ne rashin ganin ruwan a tsakiyar damina. Ƙura da ganyaye kan toshe tiyon, ruwan ya rasa hanya ya koma cikin mota. Alamominsa su ne jiƙewar kafet a ƙarƙashin ƙafar fasinja, warin ruma idan an kunna AC, wani lokaci har da ƙarar ruwa a bayan dashbod idan an sha kwana. In aka bar shi, ƙasan motar zai yi tsatsa, kuma wayoyin lantarkin da ke wurin na iya lalacewa. Buɗe tiyon ƙaramin aiki ne da ba ya buƙatar sauya gas, duk da cewa akwai masu gyaran da kan fara da wannan shawara.

Sai dai ba kowane ɗigo ne na AC ba. Ruwan AC garau yake, ba launi, ba wari, ba santsi. Ruwan lagireto na kanti kan zo da launin kore, ja ko ruwan hoda, da ɗan ƙamshi mai zaƙi. Matsalar ita ce direbobi da yawa a ƙasar nan ruwan famfo suke ɗura wa lagireto, don haka launi kaɗai ba zai raba gardama ba. Ruwan lagireto yakan zuba daga can gaban mota, da zafinsa, sau da yawa da jan tsatsa, kuma yana ɗiga ko da ba a kunna AC ba. Wanda ya yi shakka sai ya lura da allurar zafin inji, ya kuma duba yawan ruwan bayan injin ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi na iya ƙona fuska da hannu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa farar takarda ko kwali a inda ɗigon ke sauka. Baƙin mai zai bar tabo mai duhu, man giya na motoci masu sauya giya da kansu yakan yi ja. Idan kuwa tabon mai santsi ne, ruwan ɗorawa mai haske, kuma kusa da taya, ana iya zargin man birki, kuma bai kamata motar ta hau titi ba sai makanike ya duba ta.