BAYANI: Abin da ke dusashe bidiyon shaida, da rawar da hoton tushe ke takawa

A ranar zaɓe, wayar hannu kan zama shaida. Matashi zai ɗauki bidiyon takardar sakamako ta EC8A a rumfarsa, ya gyara shi a manhaja, ya tura wa jama'a. Kafin bidiyon ya ratsa zauruka uku na WhatsApp, alƙaluman sun dusashe, 3 ta koma kamar 8. Sau da yawa babu hannun maguɗi a nan, yadda aka matse bidiyon ne ya jawo.

Mene ne hoton tushe?

Bidiyo jerin hotuna ne, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Da za a adana kowanne a cike, da 'yan mintuna sun cika waya. Saboda haka tsarin matse bidiyo irin su H.264, wanda aka fitar a 2003, kan adana cikakken hoto guda, wato hoton tushe, sannan hotunan da ke biye su riƙa ɗaukar abin da ya sauya kawai.

Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ya ƙirga kayan shagonsa kaf, daga nan ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan kuskure ya shiga lissafin, zai yi ta binsa har ranar da ya sake ƙirgawa. Haka bidiyo yake: idan taro ya yamutse ko hannu ya girgiza, sauyin kan yi yawa, hoton ya farfashe, kuma sau da yawa ba ya warwarewa sai sabon hoton tushe ya zo. Shi ya sa bidiyon da aka datse a tsakanin hotunan tushe biyu kan fara a dagule.

Yadda ake saita shi

Manhajoji irin su Adobe Premiere Pro da OBS suna ba mutum damar zaɓar tazarar hotunan tushe. Sai dai yawaita su ba ya nufin ƙarin inganci. Kowane hoton tushe yana cin data fiye da na bayansa nesa ba kusa ba. Idan nauyin bidiyon ƙayyadadde ne, yawansu zai tauye rabon sauran hotunan. Idan kuma suka yi nisa da juna, ɓarna ta daɗe a fuskar allo.

Ga mai watsa taro kai tsaye, YouTube na ba da shawarar hoton tushe a kowace daƙiƙa 2, kada ya wuce 4. A bidiyo mai hotuna 30 a daƙiƙa, wannan na nufin ɗaya cikin kowane 60. Ga bidiyon 1080p da za a ɗora, shawarar kamfanin ita ce megabit 8 a daƙiƙa. Mai ɗauka ma yana da nasa aikin: ya tsayar da wayar cak a kan takarda na wasu daƙiƙoƙi, domin rubutun ya samu zama.

Me ya sa abin ya shafe ka?

Masu tantance labarai kan yi amfani da manhajar InVID-WeVerify wajen ciro muhimman hotuna daga bidiyo, su bincika ko ya taɓa fitowa a wani wuri ko a wata shekarar. Hoton da ya dusashe yana wahalar da wannan bincike. A kotu kuwa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga kwamfuta, bisa wasu sharuɗɗa, amma alƙaluman da ba sa karantuwa ba za su gamsar da alƙali ba.

Duk lokacin da aka sake matse bidiyo, wani abu na salwanta, kuma babu saitin da zai dawo da shi. Don haka ka ajiye na asali yadda ya fito daga waya, ka yi gyara a kan kwafi. Idan za ka tura wa ɗan jarida ko lauya ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin ta wannan hanyar manhajar ba ta sake matse shi.